Inda kaset ɗin Goggo ya tsaya

Kwanan baya muna shan iska a tsakar gida bayan sallar isha, wuta ba ta nan, sai yarana suka ɗauko gardamar finafinai, kowa na faɗin gwaninsa. Babban ya kawo wani na 'yan Koriya, mai bi mashi ta kawo wani mai dogon zango na Hausa da take jira duk mako a YouTube kamar mai jiran albashi. Babansu daga kan tabarmarsa ya ce shi har gobe bai ga na biyun Burus Li ba. Da aka zo kaina na ce Mother India. Suka kwashe da dariya har da riƙe ciki. Autata ta ce, "Haba Mama, wannan na kukan? Wanda kowa ya yi dumu-dumu da taɓo?" Na ce shi ɗin dai. Suka ce to me ke cikinsa? Na buɗe baki, sai na ji maganar ta yi mani nauyi, na ce su tashi su kwanta gobe akwai makaranta. Su suka yi barci, ni ban yi ba. Abin da na kasa faɗa masu a daren nan shi zan rubuta, ko na samu ya sauka daga ƙirjina.

Ni haifaffiyar cikin birnin Katsina ce, gidanmu ba nisa da hasumiyar Gobarau. Ina da shekara takwas aka raba mu da Kaduna aka ba mu jiha a 1987. Abin da na riƙe na lokacin bai wuce yadda gari ya cika da baƙin ma'aikata ba, da yadda manya ke ta maganar kuɗin haya. Shekarar da ta biyo baya ce maƙwabcinmu, wani Alhaji mai fatauci ta hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, ya dawo daga aikin Hajji da akwatin bidiyo.

Yaran yanzu ba za su gane girman wannan abu ba. A lokacin silima ta maza ce. Yarinyar da aka gani a ƙofar silima sai dai iyayenta su nema mata miji a wani gari. Mu a bakin yayyenmu maza muke jin labarin fim, su ma a sace suke zuwa, su dawo suna kwaikwayon faɗan Dharmendra, wanda suke kira Sarkin Ƙarfi, a bayan ɗaki. Matan aure da ke cikin kulle ko wannan ba su samu. Bidiyo ne ya tsallake zaure ya shigo da Indiya har ɗakin mata.

Hajiya, uwargidan Alhaji, mace ce mai son mutane. Akwai 'yar ƙofa ta baya da ta haɗa gidanmu da nasu, ba sai an bi ta waje ba. Duk Alhamis bayan la'asar, tunda babu makarantar allo, sai ta sa a share falonta a shimfiɗa tabarmi. Mu yara a gaba, hancinmu na neman taɓa gilashin talabijin, iyaye a baya da kwanon aya ko gyaɗa, wannan na tsifa, waccan na ɗinkin hula. Bidiyon har riga gare shi, wani farin ƙyalle mai ado da aka ɗinka mashi kamar jariri, kuma ba mai taɓa shi sai babban ɗan Hajiya. In hoto ya fara yayyafi sai ya buɗe murfi ya goge kan, muna zaune ba mai ko tari. Babban tashin hankali shi ne a ce bidiyo ya tauna kaset, a jawo zaren ya fito a cukurkuɗe kamar hanjin kaza.

Kaset ɗin gidan ba su fi biyar ba. Cikinsu akwai wanda mu ba mu san shi da Mother India ba. Mai Garma muke ce mashi, saboda hoton da ke jikin kwalin, mace ta saɓa garma a kafaɗa, kanta ya karkace don nauyi.

To a nan Goggo ke shigowa.

Goggo yayar Babanmu ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun ina goye take gidanmu, a ɗakin da ke kusa da madafi, tana dakan fura 'yan talla na ɗauka. Mun dai san daga wani ƙauye ta wajen Kaita aka ɗauko ta, mijinta ya rasu, kuma tana da ɗa guda da ya tafi neman kuɗi. Iyakar abin da aka gaya mana ke nan, gidanmu kuwa ba gidan da yaro ke bin diddigin magana ba ne. Ɗan fari ne, don haka ko sunansa ba ta kamawa, sai dai "yaron nan". Ni sunan mahaifiyarsu aka sa mani, shi ya sa ita da Baba Uwata suke ce mani. A ɗakinta nake kwana, a bayanta, ina jin ƙamshin gero da citta a zanenta.

Baba malamin zaure ne, ba ya son zancen kallo ko kaɗan, ya ce ba komai ciki sai kiɗa da gumaka. Ranar farko da ya ga Goggo ta yafa mayafi ta nufi ƙofar baya, ya ce, "Yaya, har da ke?" Ta ce, "Har da ni, Malam. Ka bar mani Uwata ta riƙe mani takalmi." Bai ƙara magana ba. Albarkacinta muka ci, ni da ƙannena, har da Innarmu.

Goggo ba ta taɓa shiga aji ba. Ko "zo" ba ta ji da Turanci balle Indiyanci. Amma ita ce tafintarmu. Kaset ɗin ba shi da rubutu a ƙasa, ko da akwai ba mai karantawa, kuma wannan fassarar Hausa da ake ɗora wa finafinan Indiya yanzu ba a ko yi mafarkinta ba. Da mutum ya buɗe baki a talabijin sai Goggo ta ba shi Hausa, Hausar ma irin ta ƙauyensu. "Kun gani, bashi ne suka ci don biki. Wanga mai tsinin baki shi ne mai ba da bashin. Ya ce mata, Iya ba komi, ai mu da ku ɗaya ne." Sai ta juya ta tofar, "Ƙarya yake, azzalumi."

Daga baya na tabbatar ba ta kauce hanya ba. Rupi 500 uwar ango ta ranta wurin Sukhilala, mai ba da bashin, don bikin ɗanta. Da gardama ta tashi kan sharaɗin bashin, dattawan gari suka goyi bayan mai kuɗi, aka yanke cewa kashi uku cikin huɗu na amfanin gona nasa ne, kuma wannan ruwan bashin ne kawai, uwar kuɗi na nan. Goggo ba ta san rupi ba, da dami take lissafi. "In suka ɗaure dami huɗu, ukku nashi." Ban taɓa tambayar kaina yadda aka yi ta gane ba. Na ɗauka duk tsofaffi haka suke, suna jin kowane yare.

Haka za ta ja mu har inda dutse ya danne hannuwan mijin, ya wayi gari ba hannu, ya kasa jure zaman a ciyar da shi, ya sulale cikin dare ya bar matar da yara. Shanun huɗa suka tafi, ta sa wuyanta inda sa ke sa nasa. Ambaliya ta zo ta share gari da amfanin gona. Mai bashi ya ce ta ba shi kanta ya ba ta hatsi. In an zo nan Goggo kan ce, "Yara ku toshe kunnuwanku," sannan ta faɗa wa manya ƙasa-ƙasa, mu kuwa duk muna ji. In matar ta tsaya gaban gunki tana kuka, wata cikin matan ta ce a'uzubillahi, sai Goggo ta ce, "Ku bar gunkin, ku dubi hawayen." Ta kuma nace cewa wagga baiwar Allah da ganin goshinta ɗiyar Musulmi ce, neman abinci ne ya kai ta. Ana yi mata dariya. Shekaru da yawa bayan haka na karanta cewa Nargis, wadda ta fito a matsayin Radha, wato matar nan mai garma, sunanta na yanka Fatima. Na kuma karanta cewa ta rasu tun 1981, wato duk addu'ar da Goggo ke yi mata ta Allah ya ba ta ladan haƙuri ya raya mata ɗiyanta, matar ta yi shekara bakwai a ƙasa.

Ba abin mamaki ba ne da matan falon nan suka ɗauki fim ɗin kamar labarin maƙwabta. Garma ce da shanu irin waɗanda za ka gani da ka fita Ƙofar Sauri da damina. Mata ne da tulu a ka. Ga lalle, ga amarya na kuka za a kai ta ɗakin miji, ga suruka, ga rawani, ga mace na jan mayafi in ta ga babba. Bashi kuwa hanji ne, yana cikin kowa, kuma a ɗakin nan ba wadda ba ta san wani da gonarsa ta tafi a jingina ba.

'Ya'ya biyu suka rayu wa matar. Ramu mai sanyin hali, da Birju, ɗan kuka mai ja wa uwarsa jifa. Mu yara Birju muke so, musamman yana ƙarami, ga tsiwa ga rashin tsoro, yana tsaye gaban mai bashi ido cikin ido. Goggo "ja'iri" take ce mashi, amma da wata murya da ba ta zagi ba. Kuma in ya yi magana, fassararta ta fi maganarsa tsawo. Shi ya rufe baki, ita tana ci gaba. "Ya ce, Inna, gonar ubana ce. Ya ce, ina raye wani na noma ta ina kallo? Ya ce, rani ukku ina ga-ruwa a Kano na tara kuɗin nan, na kai mashi ya ce ba haka aka yi ba." Innarmu ta taɓa cewa, "Goggo, a Indiyar ma akwai Kano?" Ta ce, "Ko'ina da Kanonsu." Aka yi ta dariya, har Hajiya na share hawaye. Yanzu da nake tunawa, ban tabbata hawayen dariya ne ba.

Wuri ɗaya ne bakin Goggo ke mutuwa. Inda ake farautar Birju, aka cinna wa tarin ciyawa wuta don a fito da shi, uwar ta faɗa cikin wutar tana nemansa. Nan ba fassara. Sai ka ji falon ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar wutar da ihun matar. Na taɓa waiwayawa na ga Goggo ta dafe ƙasa da hannu biyu kamar mai shirin tashi, amma ba ta tashi ba.

Bayan gobarar Birju ya gudu, uwar na bin sa tana kira, bai tsaya ba. Da an kawo nan sai Hajiya ta ce wa ɗanta, "Kashe haka nan, daga nan ya lalace, kar ya tauna." Ya danna, hoto ya ɗauke. Mu yi ta magiya, a gwada ko sau ɗaya. Hajiya ta ce in bidiyon Alhaji ya lalace wa zai biya? Sai Goggo ta miƙe tana kaɗe zane, ta ce, "Ku taho in ƙarasa maku, ni na gani kafin ya lalace."

A ɗakinta muke jin ƙarshen, ga fitilar ƙwai, mu biyar ko shida a gefen gadonta na kara. Birju ya yi shekaru a daji, in ji ta, Allah ya buɗa mashi. Wata rana da kaka, an gama ɗaurin dami, uwar na ƙofar gida tana sheƙar gero, sai ta hangi ƙura. Ya sauko ya durƙusa gabanta, ya ce Inna ki yafe mani. Ita kuma ta ce, a'a, kai za ka yafe mani. Aka fanshi gonar, aka yi mashi aure. "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar," ta kan ce, sannan ta rage fitila. Wani dare bisa doki yake dawowa, wani dare a bayan babbar mota, akwai ranar da ya zo da mata da ɗiya biyu. Ba mu damu da wannan ba, haka tatsuniya take. Abin da bai taɓa canzawa ba shi ne kaka ce, kuma uwar na ƙofar gida. Sau ɗaya na ce, "Goggo, ita me ta yi mashi da za ta ce ya yafe mata?" Ta ce, "Yi barci, Uwata."

Kafin in tafi makarantar kwana na kalli Mai Garma ya fi sau ashirin, kowane sau har inda aka saba tsayawa.

A makaranta ne wata yarinya 'yar Funtuwa, wadda yayanta ke da shagon hayar kaset, ta ce mani ai uwar ce ta harbe shi da bindiga. Na ce ƙarya take. Ta rantse, na rantse. Na ce ni da na kalla sau ashirin za ki gaya wa? Muka kaure da dambe a ɗakin kwana, washegari aka ba mu yankan ciyawa mu biyu. Da na zo hutu na kai wa Goggo ƙara. Tana cikin cura fura, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Nasu daban ne. Indiyawa iri biyu suke yi." Na yarda. Ko in ce na zaɓi in yarda, don shekarata goma sha uku a lokacin, ba jaririya ba ce.

Daga nan rayuwa ta yi gaba. Finafinan Hausa suka fito suka cika gari, faifan CD ya kori kaset, Alhaji ya rasu, na yi aure, na fara koyarwa. Goggo ta rasu ina goyon ɗana na biyu. A shekarunta na ƙarshe, in an zo rufe zaure da dare sai ta aiko a ce wa Malam kar a sa sakata tukuna. Muna ɗauka rikicin tsufa ne.

Sai wajen shekara goma da rasuwarta na ci karo da fim ɗin a intanet, cikakke, da rubutun Turanci a ƙasa. Wani dare yara sun yi barci na kunna a kwamfutar maigidan, ina murna zan ga Birju ya dawo bisa doki. Ya dawo ɗin kuwa bisa doki, amma da 'yan fashi a bayansa, ranar bikin Rupa, ɗiyar Sukhilala. Ya kashe mai bashin, ya ɗauke amarya zai gudu da ita. Uwar ta riga ta yi alkawarin ba za ta bari ya taɓa mutuncin yarinyar ba. Ta kira shi bai tsaya ba. Ta ɗaga bindiga. A hannunta ya cika. Sannan hoto ya koma inda fim ɗin ya faro, tsohuwa ce aka roƙa ta buɗe sabuwar hanyar ruwan noman rani, ta buɗe, ruwan ya gangaro jajawur.

Ban yi kuka ba a daren nan. Haushi na ji, irin na wanda aka yi wa sata tun yana yaro bai sani ba sai da ya girma. Na tuna 'yar Funtuwar nan da na yaga wa riga a kan gaskiyarta.

Ranar Asabar na shirya na tafi cikin gari wurin Hajiya. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni, da murya ta gane ni. Bayan gaisuwa na ce, "Hajiya, kaset ɗin nan na Mai Garma, da gaske lalacewa ya yi?" Ta yi shiru har na ɗauka ba ta ji ba. Can ta ce, "Lafiyarsa lau. Kin gani ke nan."

Ta ce daren farko da aka kawo shi, manya kaɗai suka kalla, har ƙarshe. Da aka zo wurin bindigar Goggo ta tashi ta fita ba takalmi. Hajiya ta bi ta, ta same ta zaune a ƙasa bayan madafi, jikinta na ɓari. Kwana biyu ba ta shigo ba. Ran na uku ta zo ta ce, "Hajiya, ina son in riƙa ganin yaron nan. Amma don Allah a riƙa tsayawa inda ya gudu." Hajiya ta ce to yara fa? Ta ce ki bar ni da su.

Sannan ta ba ni labarin da ba a taɓa ba ni ba a gidanmu. A farin 1973, da gero ya ƙone a tsaye, dabbobi suka yi ta faɗuwa, mijin Goggo ya kwanta bai tashi ba. Ta rasa abin ba yaro, ta jinginar da gonar gado wurin wani mai hali a ƙauyen, ya ba ta hatsi. Ƙa'idar jingina kowa ya san ta, mai kuɗi ke noma gonar yana cin amfani har ranar da aka maido mashi da abinsa. Ba takarda, shaidu biyu ne, kafin a je ko'ina ɗaya ya rasu. Yaron ya taso yana wuce gonar ubansa kullum yana ganin wani na noma ta. Da ya yi ƙarfi ya shiga cin rani, rani uku yana ga-ruwa a Kano. Ya dawo da kuɗin a ƙulle ya kai. Mutumin ya ce ba jingina aka yi ba, ciniki ne, saya ya yi. Shaidan da ya rage ya sunkuyar da kai. Yaron da hauya a hannunsa. Mutumin bai mutu ba, amma bai ƙara moruwa ba.

Ya gudo gida ya shige rumbu. Dangin mutumin suka zo da wuta a karan dawa, suka ce ko a fito da shi ko su cinna wa rumbunan gidan gaba ɗaya, ga hatsin mutane na shekara a ciki, ba nata kaɗai ba, kuma in suka kama shi da hannunsu ba zai kwana ba. Mai gari ya shiga tsakani, ya rantse in aka miƙa shi ba mai taɓa shi sai hukuma. Goggo ta tsaya tsakar gida, kowa na kallonta. Ta ɗaga hannu ta nuna rumbun.

Hajiya ta ce da aka fito da shi bai yi gardama ba, bai ce komai ba, kallonta kawai ya yi. Sau biyu ta je gidan yari da ƙullin fura, ya ƙi fitowa. Da ya gama wa'adinsa bai dawo ƙauye ba, bai zo birni ba. An taɓa cewa an gan shi a Agege, Baba ya hau mota har Legas, ya dawo shi kaɗai. Da na je gida na ɗan taɓo wa Baba zancen, sai ya ce, "Allah ya jiƙan Yaya," ya jawo littafinsa ya buɗe. Na san an rufe maganar.

Yarana suna da gaskiyarsu, ba zan ƙi ba. Fim ɗin ya yi tsawo, kusan awa uku, kukan ya yi yawa, wani wurin wasan ma ya wuce gona da iri. Na ga waɗanda suka fi shi tsari tun daga lokacin. Na san babban aiki ne a wurin masu shi, Mehboob Khan ya fitar da shi a 1957, ya kai har cikin 'yan takarar kyautar Oscar a Amurka a 1958, wanda ba a taɓa yi wa fim ɗin Indiya ba kafin shi. Na san gobarar nan ta gaske ce ta ƙwace a wurin ɗauka, Sunil Dutt, wato Birju, ya shiga ya fito da Nargis ya ƙone, kuma a 1958 suka yi aure, su biyun haihuwar 1929 ne, su suka haifi Sanjay Dutt da samarinmu ke kira Ɗan Daba Mai Lasin. Da Goggo ta ji wannan da ta yi salati ta ce uwa da ɗa? Duk na karanta, duk ya burge ni. Amma ba ko ɗaya ciki da ya sa nake son shi, don na riga na so shi ban san ko sunan ƙasar da ke kusa da Indiya ba.

Da na bi rubutun Turancin nan layi-layi, sai na ga maganganun sun yi mani ƙaranci. Ina jiran Birju ya ambaci ga-ruwa, bai ambata ba. Ina jiran a ce dami huɗu, ba a ce ba. Ashe rabin fim ɗin da na haddace ba a Indiya aka yi shi ba, a bayana aka yi shi, bisa tabarmar Hajiya, a bakin matar da ba ta da wata hanyar faɗin abin da ke cinta sai ta ara wa wani baki. Kowace Alhamis tana gaya mana komai, da sunan gari da yawan rani, muna dariya muna tauna aya. Ina jin maigidana ma da zai zauna ya bincika, ba Burus Li yake so ba, yayansa da ya rasu yake so, wanda ke ɗora shi a kafaɗa ya leƙa ta katangar silima. Na taɓa ce mashi haka, ya ce in bar shi da falsafa, amma ya daɗe bai yi magana ba.

Da zan taso daga wurin Hajiya ranar nan, ta sa jikanyarta ta jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado. Kaset ɗin na ciki, kwalin ya ci jiki, hoton matar da garmarta ya koɗe ya koma ruwan ƙasa. Ta ce in tafi da shi, ita ba ta da mai kallo. A mota na zaro shi na duba ta ɗan gilashin da ke jikinsa. Ba a maido shi farko ba tun kallon ƙarshe. Zaren kusan duka ya naɗe a gefen dama, saura ɗan siriri a hagu, bai kai kaurin ɗan yatsana ba.

Yana cikin durowata ƙarƙashin atamfofi, ba ni da na'urar da zan sa shi, ban kuma nema ba. Watannin baya autata ta ci karo da shi tana neman ɗankwali, ta fito da shi tana juyawa, ta ce Mama wannan kuma mene ne? Ta zura yatsa cikin ramin tana ƙoƙarin murza zaren. Na karɓe daga hannunta na mayar inda yake.